Darasi: Kada Ku Kulle Mashayi A Ɗaki

Wataƙila a gidanka akwai wanda giya ko ƙwayar Tramol ta ɗaure, kana kuwa addu'a dare da rana ya bari. Ka yi daidai. Amma ka san abin da za ka yi ran da ya ce ya bari?

Shekarun baya, a wani ƙauye tsakanin Magariya da Dungas, wani magidanci da ya daɗe yana shan burkutu kullum ya tuba a gaban ikkilisiya ran Lahadi. Muka yi murna ƙwarai. Ƴan'uwansa suka kulle shi a ɗaki don kada ya koma. Ran Litinin hannuwansa suna makyarkyata, zufa tana zuba. Daren Talata ya fara ihu, wai ga macizai a rufin ɗaki. Muka ce aljannu ne, muka kwana muna addu'a. Da asuba ya faɗi yana jijjiga. A kan amalanke ya cika, ba mu kai asibiti ba. Ni ma ina cikin waɗanda suka ce a jira gari ya waye.

Ga abin da ba mu sani ba a lokacin. Giya tana danne ƙwaƙwalwa. In mutum ya shekara da shekaru yana sha, ƙwaƙwalwar takan saba da yin aiki da ƙarfi don ta ɗauki wannan nauyi. In aka janye giyar farat ɗaya, sai ta zabura kamar dokin da ya tsinke igiya. Makyarkyata da amai sukan soma tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo cikin kwana 2 na fari. Ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi kuwa sai kwana na 3 ko na 4, su ne masu kisa.

A asibiti likita yakan ba shi maganin da ake kira diazepam, ya kwantar da ƙwaƙwalwar, sa'an nan ya riƙa rage shi kaɗan kaɗan cikin kamar mako guda. Yakan yi masa allurar bitamin B1, gama giya ta cinye ta, rashinta kuwa yana lalata tunani. In jiki ya bushe a yi masa ƙarin ruwa. Kada ka sayi diazepam a tebur ka ba shi da kanka. In ya haɗu da giya yana iya tsayar da numfashi.

Tramol fa, wadda samarinmu ƴan kabu-kabu da masu noma suke haɗiya wai don ƙarfi? Danginta ɗaya da kodin, wanda Nijeriya ta hana yin maganin tari da shi a 2018. Likita ba ya ba mutum fiye da miligiram 400 a yini, amma ta kasuwa akwai mai 225 a ƙwaya ɗaya, yaro kuwa ya haɗiye biyar. Mai barinta yakan yi ciwon gaɓoɓi, da zawo, da majina, da hamma, barci ya ƙaurace masa. Wahala ce mai zafi, ko da yake ba ta cika kisa kamar ta giya ba. Likita yakan rage masa ita sannu a hankali, ya bi kowane ciwo da maganinsa.

Saboda haka, tun kafin ya yanke sha, ka kai shi asibitin Magariya. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibitin Damagaram. Masu dangi a Kano kuma sun san asibitin Dawanau. Ka faɗa wa likita gaskiya duka: abin da yake sha, nawa a yini, da lokacin shan ƙarshe. Na ga iyaye suna cewa “zazzaɓi ne kawai” don kunya. Wannan kunya ba ta da amfani. Kada kuma wani ya ce maka zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Luka, wanda ya rubuta Bishara, ai likita ne.

Abu ɗaya ya rage. Bayan an sallame shi, jikinsa ya manta da ƙwaya. In ya koma ya haɗiyi biyar ɗin da ya saba, tana iya kashe shi nan take. Ka gaya masa wannan a fili. Watannin fari kada ya tafi kasuwa shi kaɗai, kada kuma ku aike shi ci-rani da rani na farko.