Shawarwari 7 kafin sayen a-kori-kura ta shiga daji da jan tirela

Magidancin da gonarsa ke bayan fadama, ko garinsu ke inda kwalta ta ƙare, ba don ado yake neman a-kori-kura ba. Kuɗin da zai zuba a kanta gumin iyali ne na shekaru, kuma idan ta kafe a taɓo da mara lafiya a ciki, kyan fentinta ba zai fitar da ita ba.

1. Fara da hanyar da za ta bi. Rairayin Yusufari da na hanyar Agadas zuwa Dirku daban ne da laka mai danƙo ta fadamun Haɗeja a watan Agusta, haka kuma hawan tsaunin Mambila wani abu ne na daban. Ka zauna da mutanen gida ku tuna hanya mafi muni da dole ku bi a shekara, da kaya mafi nauyi da za ku ɗauka. Da wannan za ka auna duk motar da dillali ya nuna maka.

2. Tabbatar ƙafa huɗun duka suna ja. Akwai motoci masu tsayi da manyan tayoyi da ƙafar baya kaɗai ke tura su, irin su Tacoma PreRunner, kuma mutane da yawa sun saya a rashin sani. Ka durƙusa ka leƙa ƙasa, ka ga ko akwai farfela ta biyu da ta nufi ƙafafun gaba. A ciki kuma ka nemi ƙaramar sandar giya ko maɓalli mai 2H, 4H da 4L. Wannan 4L ɗin ita ce giyar ƙarfi, wadda ke fitar da mota daga kwazazzabo ko ta tayar da tirela mai lodi a kan hawa ba tare da an ƙona kuloci ba. Ka sa ta da hannunka a kan ƙasa, kada ka yarda da “wallahi tana yi, Alhaji.” Idan motar tana da makullin da ke haɗe tayoyin baya su juya tare, wannan ƙari ne mai daraja a cikin laka. Sai dai a kula: a yawancin waɗannan motoci, Hilux ma tana ciki, ba a tafiya da 4H a busasshiyar kwalta, domin yana cin giya da tayoyi.

3. Lissafin nauyi. Nan ne aka fi yin ganganci, kuma nan ne rai ke salwanta. Za a ce maka sabuwar Hilux, ko Ford Ranger, ko Isuzu D-Max tana jan kilo 3,500. Gaskiya ne ga wasu nau’o’insu, amma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. Tirela marar birki, irin wadda masu walda ke ƙerawa a gari, iyakarta kilo 750, har da nauyin tirelar. Tankin ruwa mai lita 1,000 kaɗai tan guda ne, ya riga ya wuce iyaka.

Akwai kuma nauyin da motar ke ɗauka a jikinta, wanda yawanci yana wajen kilo 1,000. A cikinsa ake cire mutanen da ke zaune, da kayan bodi, da nauyin da bakin tirela ke dannawa a bayan mota, wanda ake so ya zama kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar. Mu ce mutum biyar, kilo 350. Tirela mai kilo 2,500 tana danna 250. Saura 400, wato buhun masara huɗu. Wanda ya loda buhu goma sha biyar ya kuma ɗaura tirela, zai gane kuskurensa a gangara, lokacin da birki ya yi zafi ya daina kamawa. Ƙugiyar jan ma a duba ta: a jikin shasi ake ɗaure ta da ƙusoshinta, ba a liƙa ta da walda a bamba ba.

4. Inji: gas ko fetur? Injin gas ya fi ƙarfin ja a ƙaramin gudu kuma ya fi tsimin mai idan da lodi. Amma sababbin injinan gas, kamar 2.4 da 2.8 da suka zo da Hilux ta 2015, injektocinsu ba sa jure man da ya sha ruwa ko datti, ga gyara mai tsada. Waɗanda aka ƙera don Turai kuma suna da matatar hayaƙi da ke toshewa idan man ba mai tsafta ba ne. Shi ya sa direbobin hamada ke riƙe da Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, lita 4.2, wanda ba shi da gudu amma bakanike yana iya kwance shi a gindin bishiya. A ganina, gidan da a jarka yake sayen mai, kuma tirelarsa da lodinta ba su kai tan biyu ba, Hilux mai injin fetur 2.7 ta fi masa kwanciyar hankali, ko da za ta ɗan fi shan mai.

5. Tambayi bakanikenka kafin dillali. Motar da za ka samu kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ranar da ta lalace ta fi wadda sai an yi odar famfonta daga waje, tana ajiye kaka na wucewa.

6. Idan ta hannu ce, ƙasanta za ka duba. ’Yar Kwatano da ta fito daga arewacin Amurka ko Kanada ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma tsatsa daga cikin shasi take ci. A ɗaga ta, a ƙwanƙwasa shasin da guduma, musamman wajen da sifirin baya ke kamawa. Sabon baƙin fenti a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne, haka ma alamar walda a tsakiyar shasi. Wadda ta yi aikin kamfani ko na gwamnati kuwa, a duba lagireto da giya da kyau, a yi mata tafiya mai nisa ana kallon allurar zafi. Lambar shasi ta yi daidai da ta takardun kwastan, harafi da harafi.

7. Ka ware kuɗin taya da kayan ceto. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2319 na nufin mako na 23 na 2019, kuma tayar da ta haura shekara shida ba ta jan kaya a zafin bazara ba ce, komai kyan zanenta. A rairayi ana rage iska zuwa wajen 18 a ma’aunin iskar taya, a mayar da ita da an hau kwalta, don haka famfon iska dole ne. A haɗa da safaya biyu idan tafiyar mai nisa ce, da shebur, da igiyar ja mai ƙarfi, da faffaɗan katako da za a ɗora jak a kai, domin a laka jak nutsewa yake yi.