Asalin Kalmar Sufi: Tufar Matalauta Da Ta Zama Suna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako a kan kalmar sufi yake. Da yawa ana ta da jijiyar wuya a kanta, wani na yabo wani na zargi, alhali kuwa ba a tsaya an binciki tushenta ba.

A harshen Larabci gashin tumaki da ake kaɗawa a saƙa tufa da shi, watau abin da muke kira ulu, sunansa suf. Jam'insa aswaf, ya kuwa zo cikin Alƙur'ani a Suratun Nahli aya ta 80, inda Allah Ya lissafa shi cikin ni'imominsa. Tufar suf kaushi gare ta, ga araha, saboda haka ita ce suturar matalauta da makiyaya. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sa jabbar suf mai matsattsun hannuwa a wata tafiya, har da zai yi alwala sai da ya fito da hannuwansa ta ƙarƙashinta.

A ƙarni na 2 na Hijira, da dukiya ta yawaita, waɗansu bayin Allah a Basra da Kufa suka juya wa alharini baya suka riƙi wannan tufa. Sai aka danganta su gare ta aka ce sufi, watau mai sa suf.

Malamai sun kawo waɗansu ra'ayoyin. Wasu sun ce daga Ahlus Suffa ne, matalautan sahabbai da ke kwana a rumfar masallacin Madina. Wasu sun ce daga safa'u, watau tsarki, wasu kuma daga saffu, sahun farko. Amma ɗalibin Sarfu ya san da haka ne, da suffi ko safa'i ko saffi za a ce. Alƙushairi, wanda ya rasu a 465 Hijiriyya, ya ɗauki kalmar laƙabi ce kurum. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 808, ya rinjayar da suf cikin Muƙaddima, ƙa'idar harshe kuwa tana bayansa.

To, mu dubo gida. Tumakinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa gajeren gashi gare su, ba a yin zare da shi. Mu auduga muka gāda, tufar talakanmu kuwa a dā saƙi ne da gwado. A zamanin dā ulu sai fatake sun keto Sahara da shi daga Tarabulus zuwa Katsina da Kano, shi ya sa jan mulufi da alkyabba suka zama adon sarakuna. Ashe abin da ke alamar talauci a Basra, a nan alamar mulki ne. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana gudun duniya ba a jikin ƙyalle yake ba. Tun da wuri an ruwaito Ibnu Sirina, wanda ya rasu a 110, ya ƙi yarda a fifita suf, domin Annabi ya sa auduga da waninta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Baƙadire ne, an kuwa san shi da ƙarancin tufafi, ba da wani irin yadi ba.

Saboda haka wanda ke alfahari da sunan, ya tambayi kansa ko ya bar kwaɗayin abin hannun mutane. Wanda ke jifar ɗan'uwansa da shi kuma, ya auna aikinsa da Littafi da Sunna tukuna, kada ya hukunta shi da suna. Mai tsumma na iya yin girman kai da tsummansa, mai alkyabba na iya zama mai tawali'u.

Allah Shi ne Masani. Allah Ya tsarkake zukatanmu, amin.