Yadda Ake Kallon Tsuntsaye Lokacin Hunturu, Daga Tsakar Gida Zuwa Fadama

Tun kafin a gama girbi shamuwa kan kwashe 'ya'yanta ta nufi kudu, sai kuma wata damina. Daga nan mutane da yawa ke ɗauka cewa daji ya zama fayau, babu abin kallo sai ƙura da kara. Alhali lokacin ne muke yin manyan baƙi. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba miliyoyin tsuntsaye ke gujewa sanyin Turai da yammacin Asiya, su tsallake Bahar Rum, su ratsa Sahara mai faɗin fiye da kilomita 1,500, su sauka a gonakinmu da fadamunmu. Nan za su zauna har Maris ko Afrilu. Wasunsu nauyinsu bai kai giram 20 ba. Ga yadda za ka fara ganinsu, ko da ba ka taɓa riƙe madubin hangen nesa ba.

Mataki na 1: Ajiye ruwa a tsakar gida

A ƙasashen ƙanƙara abinci ne ke jawo tsuntsu gida. Mu a nan ƙishirwa ce matsalarsa, don haka ruwa ya fi hatsi aiki. Samu kasko mai faɗi, ka zuba ruwan da bai wuce zurfin santimita 3 zuwa 4 ba, ka jefa dutse ɗaya a tsakiya don ƙananan su sami wurin tsayawa. Ɗora shi a kan bulo ko kifaffen turmi a inuwar bishiya, amma nesa da lungun da kyanwa za ta iya laɓewa. Kullum ka zubar da ruwan jiya ka wanke kaskon, don kada ya zama gidan sauro. Kuma kada ka haɗa shi da wurin shan ruwan kaji ko tattabarun gida, saboda ta nan cuta ke yaɗuwa.

In kana son ƙara abinci, tafin hannu ɗaya na tsakin gero ya isa. Fiye da haka ɓeraye kake kira. Sauran tuwo da miya mai gishiri da mai ba abincin tsuntsu ba ne. Sai haƙuri: za su iya yin kwanaki suna leƙen kaskon daga kan katanga kafin su amince.

Mataki na 2: Zaɓi lokaci, ka zauna shiru

Da sanyin safiya tsuntsaye kan fara hawa ƙololuwar bishiya su sha hantsi, sannan su sauko neman abinci. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe tara da rabi shi ne lokaci mafi kyau, sai kuma bayan la'asar. Ka bar rana a bayanka, in ba haka ba duk abin da ka gani baƙi zai zama. Farar shadda tana korarsu. Sa tufa mai launin ƙasa. Ranar da hazo ya yi kauri kada ka wahalar da kanka da abin da ke nesa, launi ba ya fita.

Mataki na 3: Fara sanin 'yan gida

Wanda bai san ɗan gari ba, ba zai gane baƙo ba. Yi mako guda kana lura da waɗanda ke tare da mu duk shekara. Kurciya da gwara kowa ya san su. Hasbiya ta fi kurciya girma, tana da jar fata kewaye da ido da ɗigo-ɗigon fari a fiffike. Baiwar Allah ƙarama ce ƙwarai, namijin ja, macen ruwan ƙasa da ɗan ja a gindin jela, kuma ba ta tsoron shiga har ɗakin girki. Asisi shuɗi ne mai haske, namijin da jan tabo a kunci. Cilakowa za ka gane ta tun daga nesa saboda yadda take shawagi tana hawa tana sauka. Tsirya koriya ce shar, da doguwar jela da ƙarar da ba ta ɓuya.

Akwai abin da ke ruɗa sabon shiga a wannan lokaci. Namijin marai da ka sani da damina, mai ruwan ɗorawa da baƙin kai, yakan zubar da wannan ado da rani ya koma kamar macen. Haka ma jan baki, wanda manoman shinkafa da gero suka fi kowa sani: baƙin fuskar namijin kan ɓace, jan bakin ne kawai ke saura. Don haka in ka ga garken ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa da kaurin baki irin na cin hatsi, yawanci 'yan gida ne da suka sauya kama, ba baƙi ba.

Mataki na 4: Rubuta kafin ka nemi suna

Riƙe ƙaramin littafi da biro. Duk tsuntsun da ba ka sani ba, kada ka yi saurin buɗe waya. Dube shi har ya tashi, sannan ka rubuta: ya kai kurciya girma ko bai kai gwara ba? Bakinsa siriri ne ko kakkaura, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe? Tafiya yake ko tsalle? A ƙasa yake kiwo ko cikin ganye? Ƙara kwanan wata da wuri da adadi. Launi shi ne na ƙarshe, domin ƙura da haske suna yi masa ƙarya.

Madubin hangen nesa yana taimakawa sosai. Wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya ishi mai farawa. Ƙurar hunturu tana karce gilashi, saboda haka ka hura ta tukuna, kada ka goge da bakin riga. Littafin da aka fi dogara da shi a yankinmu shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey, akwai kuma manhajar Merlin ta waya wadda kyauta ce. Amma sunayen Hausa ba a can za ka same su ba. Tambayi dattawa da maharba da masunta da makiyaya, ka rubuta abin da suka faɗa, domin sunayen nan suna ɓacewa da sauri fiye da tsuntsayen.

Mataki na 5: Fita gona, ka nemi gawo

Wannan matakin ne na fi ba muhimmanci. Gawo bishiya ce mai saɓa wa 'yan uwanta: da damina take kakkaɓe ganye, da rani ta yi kore ta yi fure. Furen na tara ƙwari, ƙwarin kuma su ne abincin ƙananan baƙin da suka zo daga Turai. Tsaya ƙarƙashin gawo ɗaya na rubu'in awa, ka bi motsin ganye da ido, za ka ga 'yan tsuntsaye masu siririn baki suna tsintar tsutsa ba hutawa. Aduwa da bagaruwa ma suna tara su. Dogon yaro da turare kuwa, duk da inuwarsu, ba su da abin da waɗannan baƙin ke ci sosai. Shi ya sa sare gawo don itacen girki a maye gurbinsa da turare babbar asara ce, ga manomin da ke cin amfanin takin ganyensa da kuma tsuntsun.

Abin da ya same mu yana samun su. A shekarar 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga mafi yawan wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai komo musu ba. Da aka bi sawu, sai aka gano farin da ya fara a yankin Sahel ne ya halaka su.

A filin da aka girbe kuma, dubi kan kunya da kan shuri. Akwai baƙo mai tsayawa ƙyam, in ya tashi sai ka ga fari fat a gindin jelarsa da baƙi a ƙarshenta. Cikin garken shanu da gonakin rani akwai wani mai ruwan ɗorawa a ciki, yana tafiya tsakanin ƙafafun dabbobi yana kaɗa jela sama da ƙasa. Alhudahuda ma, wanda aka ambata cikin Suratun Namli, yakan ƙaru a wannan lokaci, don na Turai kan zo su tarar da na gida.

Mataki na 6: Je bakin ruwa

Ba sai ka yi doguwar tafiya ba. Kududdufin bayan gari, bakin dam, ko gonakin shinkafa irin na Kadawa da Kura a Kano duk suna da abin gani. Mutanen Maraɗi suna da tafkin Madarunfa, na Misau suna da Maladumba. Wanda ya sami hali kuwa, ya je fadamun Haɗejiya da Nguru, inda kogin Haɗejiya da na Jama'are ke malala kafin su zama kogin Yobe su nufi Tafkin Chadi. Tafkin Nguru shi ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Dagona ta ƙasar Bade da Baturiya ta Jigawa suka biyo baya a 2008. Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin da aka fi cika.

A can ma fara da 'yan gida: dinya, kirinjijiya mai farar fuska da fito, zalɓe, balbela, jinjimi, da zakaran ƙeƙuwa wanda zai tona maka asiri da kururuwa tun kana nesa. Sannan ka nemi baƙi. Akwai ƙaramar agwagwa da littattafai ke kira garganey, namijin da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya. Akwai wata mai dogon wuya da tsinin jela. A bakin laka za ka ga masu dogayen ƙafa suna caka baki, a saman kacala kuma wani shaho na shawagi ƙasa-ƙasa da fikafikai a ɗage. Kacalar nan da ta toshe hanyoyin ruwa tana da nasaba da yadda madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar ruwan kogin, kuma masunta da manoma ne suka fara ɗanɗana kuɗarta.

Wajen ƙirga babban garke, ƙirga goma ɗaya bayan ɗaya, ka auna faɗinsu da ido, sannan ka bi garken goma-goma.

Kafin ka shiga kowace fadama, gai da mai unguwa ko bulama ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi ɗan gari ya raka ka. A halin tsaron da ake ciki, baƙo mai leƙe-leƙe da madubi abin zargi ne. Kada ka ɗaga madubin kusa da bariki ko shingen jami'ai, inda aka ce ba lafiya kuma kada ka je. Kada ka shiga ruwa da ƙafa saboda tsargiya. Mataccen tsuntsu kada ka taɓa shi da hannu. Murar tsuntsaye mai tsanani nau'in H5N1 a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a Afirka, a watan Fabrairun 2006, kuma har yanzu tana ɓullowa. In ka ga matattu da yawa wuri ɗaya, sanar da ma'aikatan dabbobi.

Mataki na 7: Kada rubutunka ya tsaya a aljihu

Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana jagorantar aikin tattara taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma da rahoton 'yan sa kai ake yin sa ta manhajar BirdLasser. Ana iya tura bayani ta eBird ma. Kowane watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya, al'adar da ta faro tun 1967. Ko da ungulu ka gani a mahauta ka rubuta, domin tun 2015 aka sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Gauraka kuwa yanzu ganinsa a dajin Najeriya babban labari ne. In maharbi ko mai tarko ya nuna maka tsuntsu da zobe a ƙafa, kwafi lambar da rubutun da ke jiki daidai, ka haɗa da wuri da kwanan wata ka aika wa cibiyar. Da irin wannan ake gane daga wace ƙasa ya taso.

Duk lokacin da za ka fita, ɗauki yaro ɗaya daga cikin masu yawo da danƙo a unguwarku. Sun fi mu ido, sun san inda kowane tsuntsu ke kwana. Ba shi madubin ya riƙe, ka bar shi ya yi ƙirgar.