Shin Fetur Mai Tsada Ya Fi Mai Araha Ƙarfi?

Darasin wannan mako ya samo asali ne daga wata gardama da ta kaure a taron kulob ɗinmu. Ɗaya daga cikinmu ya ce ya ga an rubuta "Premium" da lamba 91 a cikin murfin tankin motar kawunsa, wadda aka shigo da ita daga Amurka. Nan take wani ya ce ai man masu kuɗi ke nan, mai sa mota gudu. Da muka bincika, sai muka tarar ba haka zancen yake ba.

A yawancin gidajen man Amurka, fetur iri uku ake sayarwa: regular mai lamba 87, na tsakiya mai 89, sai premium mai 91 zuwa 93, wanda ya fi su tsada. Sunan wannan lamba oktan. Ba ƙarfin man take aunawa ba, ba kuma tsabtarsa ba. Abin da take aunawa shi ne yadda man ke jure matsi da zafi ba tare da ya kama da wuta da kansa ba.

Ga yadda abin yake. A cikin inji, fistin yana matse iska da fetur har su koma kamar kashi ɗaya cikin goma na girmansu, sannan fulogi ya ba da tartsatsi, wutar ta bi cakuɗen a tsare, ta tura fistin ƙasa. Duk wanda ya taɓa bai wa keke iska ya san yadda famfon ke ɗaukar zafi a hannu. Matsi ne ke kawo zafin. To idan matsin ya fi ƙarfin man, ragowar cakuɗen da wutar fulogi ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Direba zai ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a kan hawa ko in mota ta ɗauki kaya. Idan ta daɗe tana haka, fistin na iya lalacewa.

'Yan ajin kimiyya, ga naku. An gina ma'aunin ne a kan sinadarai biyu: iso-oktan, mai juriya sosai, aka ba shi 100, da heftan, mai saurin fashewa, aka ba shi sifiri. Fetur mai lamba 87 yana jurewa kamar cakuɗen kashi 87 na farkon da kashi 13 na biyun.

Ke nan inji shi ke faɗin man da yake so. Motoci irin su BMW da Mercedes, da wasu masu turbo, suna matse man sosai, don haka suke buƙatar babbar lamba. Amma yawancin Corolla da Camry da Accord da ke cika titunanmu, a kan 87 aka ƙera su. Ka zuba musu 93, ba abin da zai ƙaru sai kuɗin da ka biya. A 2016 ƙungiyar direbobi ta AAA a Amurka ta gwada hakan, ba ta ga wani bambancin a zo a gani ba a ƙarfi ko a shan mai. Ta kuma ƙiyasta cewa Amurkawa sun yi asarar fiye da dala biliyan 2 a shekara guda wajen sayen premium da motocinsu ba sa buƙata.

Idan aka juya fa, aka zuba ƙaramar lamba a motar da ke son babba? Motocin zamani suna da 'yar na'ura mai sauraron waccan ƙara. Da ta ji ta, kwamfutar motar sai ta jinkirta tartsatsin fulogi. Injin ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru.

Akwai wani tarko kuma. Lissafin Amurka ya bambanta da na Turai, wanda ake kira RON. Abin da Amurka ke kira 87 ya kai kusan 91 a RON, 91 ɗinta kuwa kusan 95 ne. A Ghana, misali, ana sayar da RON 91 da RON 95, saboda haka na biyun ne ya dace da motar kawun abokinmu.

A nan Najeriya kuwa, kada sunan PMS ya ruɗe mu. Harafin farko na nufin premium, amma sunan hukuma ne kawai na fetur gaba ɗaya, kuma iri ɗaya ake samu a mafi yawan gidajen mai. A ganinmu, abin tsoro a wurinmu shi ne man gefen titi da wasu marasa tsoron Allah ke gaurayawa da kananzir, domin lambar oktan ɗin kananzir ƙasa take ƙwarai.

Mai mota a gida, ya nemi izini ya duba cikin murfin tanki ko littafin motar. Ya rubuto mana sunanta da lambar da ya gani, ya jefa a akwatin kulob kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa jerin a nan mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.