Darasi na 14: Idon Maciji

A garin Tinyer, da damina ciyawa takan yi tsawo. Yara masu kiwo da masu zuwa gona sukan gamu da maciji. Idan mun san yadda yake gani, za mu iya kauce wa sararsa.

Maciji ba ya ƙifta ido. Ko barci yake yi, idonsa a buɗe yake. Wata fata mai kama da gilashi ce ta rufe idon. Idan zai yi saɓa, idon yakan yi hazo, ganinsa ya ragu.

Idon mutum yana gane launi da ja da kore da shuɗi. A shekarar 2016 masana sun bincika idanun macizai. Sun gano cewa yawancinsu da launi biyu suke gani, shuɗi da kore. Kuma maciji ya fi lura da abin da yake motsi.

Kasa da kububuwa da mesa sun fi fita da dare. Baƙin idonsu tsaga ce siririya, kamar ta kyanwa. Da dare tsagar takan buɗe, haske kaɗan ya ishe su. Kububuwa tana da yawa a kwarin Binuwai, wajen Garwa. Mesa kuwa tana da ƙananan ramuka a leɓenta. Da su take jin ɗumin jikin ɓera cikin duhu.

Baƙin idon gamsheƙa zagayayye ne. Wata gamsheƙar tana tofa dafi, kuma ido take nema. In dafin ya shiga idonka, wanke shi da ruwa mai yawa, a kai ka asibiti nan da nan.

Yara, da dare kasa tana ganinku, ku ba ku ganinta. Ku sa takalma, ku riƙe tocila. In kun ga maciji, kada ku jefe shi. Ku ja da baya a hankali, ku kira babba.

Kalmomi
maciji: le serpent
ido: l'œil
launi: la couleur
dafi: le venin

Tambayoyi
1. Me ya sa idon maciji yakan yi hazo?
2. Da waɗanne launuka yawancin macizai suke gani?
3. Yaya mesa take gane ɓera cikin duhu?
4. Me za ka yi in ka ga maciji a hanya?