Yadda Ake Tsufar Da Sabuwar Kujera

'Yan'uwana ɗalibai, a darasin nahawu mun ga bambancin "tsufa" da "tsufar da". Kujerar katako takan tsufa da kanta, amma mutum na iya tsufar da ita cikin kwana 2. Ga hanyar da nake bi.

Da farko a jiƙa soson ƙarfe cikin ruwan khal ya kwana. Kada a toshe bakin kwalbar, saboda iskar da ke fita. A shafa wa katakon baƙin shayi mai kauri, in ya bushe a bi shi da ruwan khal ɗin. Ƙarfen da ya narke yakan haɗu da sinadarin tanin na shayi, sai katakon ya yi duhu kamar ya shekara.

Daga nan a goga kyandir a gefuna, a shafa fenti. In ya bushe a kankare da samfefa, domin fenti ba ya kama inda kaki yake.

Shawarata, a kankare inda hannu ya saba taɓawa kawai, domin nan tsufan gaskiya yake bayyana. A guji kankare tsohon fenti, yana iya ƙunsar gubar dalma. In za a sayar kuwa, a faɗa wa mai saye gaskiyar shekarunta.