Kunkuru Da Abincinsa

Yara, a ƙasar Hausa akan ajiye kunkuru a gida. Watakila waninku a nan Sabon Birni yana da guda. To, me yake ba shi ya ci?

Babban kunkurun ƙasarmu asalinsa ɗan daji ne, mai cin ciyawa da ganye. Yakan wuce shekara 70 a duniya. Amma yanzu ya yi ƙaranci a daji, har a shekarar 2000 ƙasashen duniya suka hana fitar da wanda aka kamo daga daji don ciniki. Saboda haka wanda ke hannunmu amana ne.

Waɗansu sukan zuba masa sauran tuwo, suna tsammani gata suka yi masa. Wannan kuwa ba abincinsa ba ne. Kunkurun da bai sami ciyawa da ganye isasshe ba, ƙoƙon bayansa yakan yi laushi ko ya karkace.

Da damina babu wahala, ciyawa ko'ina. Amma a ƙasar Gwarzo da Kabo ruwa yakan ɗauke wajen watan Oktoba, ba ya dawowa sai Mayu ko Yuni. Ina kunkuru zai sami ɗanyen ganye cikin watannin nan? Sai fa in an dasa masa itace a gida.

Akwai wani itace da Larabawa ke kira tut, Turawa kuwa malberi. Da ganyensa mutanen Sin ke kiwon tsutsar siliki tun zamanin da. Kunkuru yana son ganyen nan ƙwarai. Dasa shi ba wuya. Da farkon damina a yanki reshe mai kaurin yatsa, tsawon kamu guda, a kafa rabinsa cikin ƙasa, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da rani a riƙa ba shi ruwa. In an sassabe shi, sai ya sake toho.

Wanda bai sami tut ba, ga zogale, ga rama, ga yakuwa. A haɗa masa da busasshiyar ciyawa, a ajiye ruwa a kasko. Ku dasa tun da wuri, gama da sanyin safiya akan kama fara.

Tambayoyi
1. Mene ne abincin kunkuru na asali?
2. Yaya ake dasa tut?
3. Don me ake kewaye shi da ƙaya?